Yanda ake amfani da sinadaran cire maiƙo a gida ba tare da an cutu ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban murhun da maiƙo ya daskare a jikinsa, ya yi baƙi ya yi danƙo, soso ya gaza sabulu ya gaza, ya san dalilin da yasa ake rugawa a sayo sinadarin nan mai ƙarfi. Kuma gaskiya yana aiki, fesawa ɗaya sai kuga dattin wata shida yana narkewa yana gangarowa. Matsalar dai ita ce sinadarin bai san bambancin maiƙon murhu da na jikin mutum ba. Fatarmu ma akwai kitse a cikinta, abinda yake yi wa wancan shi zai yi wa wannan.

Na taɓa wanke cikin obin ba safar hannu, ina cikin gogewa naji yatsuna sun yi wani irin santsi, na ɗauka kumfa ce na ci gaba da aikina tunda ba zafi ba komai. Sai da dare fatar ta yi jawur ta fara raɗaɗi, washegari tana ɓarewa, na yi kwanaki ko ruwa ya taɓa wurin sai na ji. Daga baya na gane santsin nan fatata ce sinadarin ya fara ci. Tun daga lokacin ban ƙara wasa da shi ba, kuma ga yanda nake bi.

Da farko ku san abinda kuka riƙo

Ba duka ne iri ɗaya ba, kusan gida uku suka kasu. Akwai masu sauƙi dangin sabulun ruwa na wanke-wanke, su aikinsu su ɗago maiƙon su haɗa shi da ruwa ya tafi. Akwai masu narkar da mai, wasu daga ɓawon lemo ake tatso sinadarinsu, wasu kuma daga man fetur, waɗannan da yawansu suna kamawa da wuta kuma warinsu na hawa kai. Sai na ukun da na fi so a kula da su, masu soda a ciki, wato sodiyom haidroksaid, sodar nan dai da ake yin sabulu da ita. Yawancin na wanke obin da na buɗe magudanar ruwa ita ce a cikinsu. A ma'aunin pH, wanda ke nuna tsamin abu ko ƙarfin sodarsa, da ke tashi daga 0 zuwa 14, ruwa zalla yana 7, bekin soda, farin garin nan da ake sawa a kek, bai wuce 8 da ɗan wani abu ba, amma na obin ɗin nan suna kaiwa 13 har 14, ƙarshen ma'aunin kenan. Yanda suke aiki shi ne su mayar da kitse sabulu a nan take inda yake, shi yasa hannu ke santsi.

Toh kafin a buɗe murfi a juya bayan robar a karanta. Na san rubutun ƙanana ne, a daure. Abu huɗu ake nema: me ke ciki, ana sirkawa da ruwa ko haka ake sawa, minti nawa ake barinsa, da kuma abubuwan da aka ce kar ya taɓa. A duba alamar nan mai jan layi mai kusurwa huɗu, tsari ne na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka fara bugawa a 2003 kuma ƙasashe da dama na binsa. Hoton ruwa yana ɗiga kan hannu da kan ƙarfe yana cinsu, ma'anarsa yana ƙona fata da ido. Hoton harshen wuta, yana kamawa. Alamar motsin rai, yana sa ƙaiƙayi ko raɗaɗi. In roba ba ta da takarda ko rubutun ya goge, ni dai ba na amfani da ita, ko wa ya ba ni.

Na biyu, a fara da mai sauƙi

Nan ne mutane da yawa ke kuskure, daga ganin maiƙo sai a ɗauko mafi ƙarfi. Alhali in aka sa wani abu mai faɗi na roba aka kankare mai kaurin, aka share da takarda ko tsohon tsumma, sannan aka bi da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke aka bar shi ya jiƙa na ɗan lokaci, yawancin maiƙon kicin a nan yake ƙarewa. Zafi na sassauta maiƙo, jiƙo kuma yana yin rabin aikin. In ya ƙi, a kwaɓa bekin soda da ɗan ruwa ya yi kauri a shafa a bari. Sai wanda ya ƙone ya zama kaman kwalta, shi ne ya cancanci mai soda.

Af, akwai wani abu da ake yawan koyarwa, wai a haɗa bekin soda da binega, ruwan tsamin nan na girki, ya yi kumfa. Kumfar tana burgewa amma ɗaya na kashe ƙarfin ɗaya ne, abinda ke saura kusan ruwan gishiri ne. Ba haɗari a ciki in dai ba a toshe shi a kwalba ba, asara ce kawai.

Na uku, shirya wurin da jikinku

A kashe wuta, a rufe gas daga tukunyarsa, a bari murhun ya huce sarai. Fesa sinadari a kan ƙarfe mai zafi yana mayar da shi tururi ya dawo fuska, in kuma mai kamawa ne ga wuta kusa toh Allah ya kiyaye. Duk wani abu mai amfani da lantarki da za a wanke a zare filoginsa daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Abinci, kwanuka, cokula, kwanon ruwan kyanwa ko na kaji in akwai, duk a kwashe. Yara su fita, kuma a san akwai mai kula da su a waje, dan yaro sai ya lallaɓo ya tsaya a bayanku baku sani ba. Mai asma da mai juna biyu in da hali wani ya yi musu aikin. Masu tsuntsaye a keji su fitar da su nesa, huhunsu bai jure irin wannan warin.

A buɗe taga da ƙofa duka biyu dan iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Taga ɗaya a buɗe iskar ba ta tafiya ko'ina. In akwai fanka a juya ta tana kora warin waje, kar ta riƙa huro shi fuskar mai aikin.

Safar hannu ta zama mai kauri mai tsawo, wadda ta wuce wuyan hannu sosai. Siririyar nan irin ta asibiti saurin yagewa take, kuma masu narkar da mai suna cin safar robar lateks, wadda aka yi da robar naitirayil ta fi juriya. A hura mata iska a gani ko ta huje, dan safa mai huji ta fi rashin safa illa, sinadarin ya shiga ya kwanta a fata kuna ta aiki baku sani ba. In za a ɗaga hannu sama a naɗe bakin safar ya zama kaman kwari, sai ya tare abinda ke gangarowa. Riga mai dogon hannu wadda aka gama yayinta, takalmi rufaffe.

Sai ido, dan Allah ido. Mutane na sa safa su manta da shi, alhali fata tana warkewa, ido kuwa ɗigo ɗaya na soda yana iya lalata shi har abada. Tabarau na kariya mai rufe gefe ake so, na karatu ko na rana ba ya tare abinda ya fantsamo ta gefe. Takunkumin yadi yana rage ɗigon feshi amma tururin sinadari wucewa yake ta cikinsa, kar a sa shi a ɗauka an tsira a rufe taga.

Na huɗu, gwaji a ɓoyayyen wuri

A ɗiga kaɗan a lungun da ba a gani, a jira minti biyar, a goge a duba. Amma akwai waɗanda ba sai an gwada ba, an riga an sani. Alminiyom da soda ba sa shiri ko kaɗan, tana cinsa ta baƙanta shi, kuma haɗuwarsu na fitar da iskar haidrojin mai kamawa da wuta. Tukwane da yawa da ragar na'urar zuƙe hayaƙi ta saman murhu alminiyom ne, su ruwan zafi da sabulu da jiƙo ya ishe su. Kaskon da abinci ba ya kamawa a cikinsa, soda da soson ƙarfe suna ɓare masa shafen. Katakon da aka yi wa fenti ko man ƙyalli yana dusashewa. Dutsen marmara shi kuma abu mai tsami ne ke cinsa, ko lemon tsami ne sai ya bar tabo. Obin mai wanke kansa da zafi, masu ƙera shi sun hana a sa masa sinadarin obin.

Na biyar, aikin kansa

In na sirkawa ne a auna yanda aka rubuta. Ƙara masa ƙarfi ba ya ƙara tsafta, sai dai ya bar danƙo a wurin wanda ƙura za ta manne masa, ga ɓarna ga wari. Ruwa ake fara zubawa a bokitin roba sannan sinadarin a hankali. Wannan ya fi muhimmanci ga mai amfani da garin soda ko ƙwayoyinta: soda ake barbaɗawa cikin ruwan sanyi kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba a taɓa kwara ruwa a kan soda, dan tana narkewa tana haifar da zafi sosai har ta tafasa ta fantsamo. Kuma ba a bokitin alminiyom ba.

Wajen shafawa, ni na fi son in fesa a jikin tsumma ko soso sannan in shafa, musamman kusa da soket da makunnai da duk abinda ya fi kafaɗata tsawo. Wanda ya ɗaga kai yana fesa sama, rabin feshin a fuskarsa yake sauka. In dole sai an fesa kai tsaye, a juya bakin ya riƙa fitowa da kauri ko kumfa maimakon hazo, a miƙa hannu a kawar da fuska. A cikin obin a kauce wa ƙarfen da ke yin zafi da fanka da robar bakin ƙofa, kuma kar a cusa kai ciki ana fesawa. A shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa saboda ɗiga.

Sai a jira. Wallahi jiran nan shi ne sirrin, sinadarin yana buƙatar lokacinsa ya ci maiƙon, galibi minti biyar zuwa goma ga na yau da kullum, na obin kuma ya fi haka, takardar za ta faɗa. A fita daga kicin ɗin a ja ƙofa yanda yaro ba zai shiga ba, a sa ƙararrawa a waya. Kar dai a bari ya bushe a wurin, in ya bushe sai ya bar tabo kuma maiƙon ya koma ya manne. In an goge bai gama fita ba a sake shafawa karo na biyu, ya fi a kama dirza da ƙarfi ana fantsama shi ko'ina. Buroshi ma in za a sa, a riƙa tura shi gaba yana nisantar jiki.

A yi wuri-wuri, kar a fesa kicin gaba ɗaya lokaci guda.

Ɗauraya ita ce ake yi wa ha'inci dan an gaji. Duk inda abinci zai taɓa a bi shi da ruwa mai tsafta sau biyu ko uku, ana wanke tsumman ana sakewa, har hannu mai safa ya daina jin santsi. Obin in ba a ɗauraye shi da kyau ba ranar da aka kunna sai hayaƙin sinadarin ya cika gidan ya shiga abincin. Bayan ya bushe a kunna shi ba komai a ciki na ɗan lokaci taga a buɗe. Kawunan murhun gas su bushe ƙamas, ramukan su zama a buɗe kafin a mayar. Daɓen ƙasa kuma a goge a busar nan take, sinadari da maiƙo da ruwa in suka haɗu a tayil santsinsu ba a magana, tsoho ya taka sai karaya.

Abinda ba a haɗawa, ko da wasa

Nan zan daɗe kaɗan dan nan ne ake mutuwa. Mutum ya ga wannan bai yi ba sai ya tuttula wancan a kai, a tunaninsa ƙarfi biyu ya fi ɗaya. Bilic, ruwan nan mai faranta kaya, in ya haɗu da amoniya yana fitar da iskar kuloramin mai guba, kuma amoniya tana cikin wasu na goge gilashi da wasu na cire maiƙo. In ya haɗu da abu mai tsami, binega ko na wanke masai ko na cire tsatsa, iskar kulorin yake fitarwa, ita ce fa aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya a Beljiyom a 1915. A ƙaramin banɗaki ko kicin rufaffe numfashi kaɗan ya isa ya sa mutum tari da shaƙewa. Na buɗe magudana iri biyu, mai soda da mai asid, in aka zuba ɗaya bayan ɗaya suna iya tafasa su yi tsalle su dawo fuska.

Kuma haɗawa ba sai a bokiti ba. Soso ɗaya da aka tsoma nan aka tsoma can haɗawa ce, fesa na biyu a kan na farko ba a ɗauraye ba ita ma haɗawa ce. Bilic ma asali ba na cire maiƙo ba ne, ƙwayoyin cuta yake kashewa. A cire maiƙon tukuna, a ɗauraye sosai, in ana so sannan a bi da shi shi kaɗai.

Fetur kuma dan Allah a bar shi a tankinsa. Na san yana cire baƙin mai a hannu da jikin inji kaman ba a taɓa yi ba, amma tururinsa ya fi iska nauyi, a ƙasa yake bi yana rarrafe har ya tarar da wuta a wani ɗakin sannan wutar ta biyo shi ta dawo inda kuke. Ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili yana fitar da tururin da zai kama. In man inji ne ya zube a siminti, a zuba yashi ko garin katako ya tsotse, a share, sannan a wanke da sinadarin da aka yi dan haka. Janareta ko injin mota a bari ya huce. Kayan da fetur ko makamancinsa ya jiƙa a shanya su a waje su sha iska, kar a jefa su injin wanki ko na busarwa a haka.

In tsautsayi ya faru

Ido: ruwa nan take, ba neman waya ba neman magani. A buɗe idon da yatsu a bar ruwan famfo mai tsafta yana zuba a hankali aƙalla minti 15 zuwa 20, a karkata kai yanda ba zai gangara ɗaya idon ba, mai gilashin da ake mannawa a ido ya cire. Minti 15 tana da tsawo in ana cikin zafi, a duba agogo kar a yi ƙiyasi. Daga nan asibiti ko da ya lafa, dan soda tana ci gaba da nutsewa ciki bayan zafin ya ragu.

Fata: a tuɓe kayan da ya jiƙa, da zobe da agogo, a bar ruwa yana zuba kaman minti 20. In gari ne a kakkaɓe shi tukuna kafin ruwa. Kar a shafa mai ko man goge baki, kar kuma a zuba binega wai ta kashe sodar.

In yaro ko babba ya sha, kar a sa shi amai. Abinda ya ƙona maƙogwaro yana sauka zai sake ƙona shi yana fitowa, in kuma dangin kananzir ne aman yana iya shiga huhu. Kar a ɗura masa komai dan wai ya karya dafin. A kurkure masa baki a yi asibiti da gaggawa, a tafi da robar dan likita ya ga ainihin abinda ke ciki. Ko baki bai nuna ƙuna ba ciki yana iya ƙonewa.

Wanda ya shaƙi iska mai shaƙe wuya ya fita waje nan da nan, kar ya tsaya wai sai ya zubar da bokitin. In tari ko nauyin ƙirji ko ƙarancin numfashi ya biyo baya a je asibiti, wani lokacin sai bayan awoyi yake tsananta.

Bayan an gama

A wanke safar tana hannu kafin a cire, sannan a wanke hannun da sabulu. Maiƙon da aka kankare a naɗe a takarda a sa a shara, kar a kora shi magudana da ruwan zafi, yana yin gaba kaɗan zai huce ya daskare. A 2017 an tarar da wani dunƙulen kitse da tsummoki a magudanar ƙarƙashin birnin Landan mai nauyin tan 130, tsawonsa ya kai mita 250, kuma daga irin wannan zubawar kaɗan-kaɗan ya taru.

Sinadarin ya zauna a robarsa ta asali da takardarta, murfi a ɗaure. Kar a juye shi a robar ruwan sha ko ta lemo ko da na rabin awa ne, dan yaro mai ƙishi robar yake gani, da yawansu kuma kalarsu kaman abin sha ga ƙamshin lemo. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke inda kowa ke ajiyewa daidai tsayin mai rarrafe yake, a mayar da su sama ko a sa kwaɗo. Bilic gefe guda, masu tsami da masu amoniya wani gefen, dan in ɗaya ya yoyo kar ya tarar da ɗan'uwansa. Gwangwanin feshi a nisanta shi da murhu da rana, zafin da ya haura digiri 50 a ma'aunin Salshiyos yana iya fasa shi, kuma ko ya ƙare ba a huda shi ba a jefa shi wuta. Robar da ta ƙare a ɗauraye ta a huda gindinta kafin a yar, kar wani ya tsinta ya zuba ruwan sha a ciki.